Gidan da za ka saya, ko yana jingine? Tambayoyi da amsoshi ga mutanen Gombe

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa a bakin masu sayen gida da fili, da magada, da ma'aikatan da ke neman rancen gida a Gombe da kewayenta. An fara da masu sauƙi, an gangara zuwa masu sarƙaƙiya. Ba su ɗauke wa kowa zuwa wurin lauya ba, sai dai za su sa ka shiga ofishinsa kana sane da abin da za ka tambaya.

1. Mece ce jinginar gida a banki, kuma ta ina damfara take shiga?

Jingina ita ce ka karɓi bashi ka ajiye dukiyarka a matsayin abin riƙo. In ka biya a sake maka, in ka gaza a sayar a cire kuɗin. Ba baƙuwar al'ada ba ce a wurinmu, aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta ambace ta, kuma kakanninmu sun daɗe suna jinginar gona.

Sai dai jinginar gona a fili take. Mai kuɗi yana shiga gonar, yana nomawa, duk ƙauye ya san halin da ake ciki. Ta banki kuwa takarda ce kawai take tafiya. Mai gida yana nan zaune da iyalinsa, yana shan iska a ƙofar gida, yana ma iya sabunta fenti. Gidan da aka ci bashin miliyoyi a kansa da wanda ba a ci ko kwabo ba, a ido duk ɗaya suke. Wannan rufin shi ne ɗan damfara yake fakewa da shi.

2. Waɗanne salo ne aka fi yi?

Wanda ya fi yawa shi ne mutum ya jinginar da gidansa, bashi ya sha masa kai, ya sayar wa wani ba tare da ya faɗa ba. Mai saye ya tare, ya yi gyara, sai wata rana ma'aikatan banki su iso da takardar gwanjo. Na biyu shi ne a jinginar da gidan wani ba da saninsa ba. Nan ba kasafai ake samun bare ba: ɗa ne, ko ƙane, ko yaron shago da aka aika da takarda ya yi fotokwafi. Zamba cikin aminci ke nan.

Akwai mai kai gida ɗaya wurin masu ba da bashi biyu, ɗaya ya riƙe takardar gaskiya, ɗayan ya riƙe ta bogi. Akwai mai kai jami'in banki ya nuna masa ginannen gida a bakin titi, alhali takardar da ya miƙa ta wani fili ce da ke bakin kwari, inda zaizayar ƙasa ta kusa cinyewa. Ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu masu farauta: masu cewa za su fito musu da rancen Asusun Gidaje na Ƙasa in an ba su wani abu. Wannan asusu, wanda dokar 1992 ta kafa, bankin jingina na gwamnatin tarayya, wato FMBN, ne ke kula da shi, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi ana zubawa, kuma ta hannun bankunan jingina masu lasisi ake neman rancen. Wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa na kansa don ya gaggauta maka, ka riƙe kuɗinka.

3. Wace takarda ce take nuna mallaka a idon doka?

Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana ga jama'a. Abin da ɗan ƙasa yake samu shi ne haƙƙin zama da amfani. A yankin da aka ayyana birni, gwamna ne ke ba da shi, shaidarsa kuma ita ce takardar da kowa ke kira C of O, wadda a gidan zama yawanci shekara 99 ake rubutawa. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da nata.

Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani, domin tana nuna an yi ciniki kuma an biya. Amma ba ta cikin rajistar gwamnati, don haka babu inda za a rubuta mata jingina a gani. Mai irin wannan takarda ya duba tambaya ta 12.

4. Mai sayarwa ya nuna mini C of O, har da hatimi. Ba shi ke nan ba?

A'a. Takardar da ke hannun mai sayarwa tana ba da labarin ranar da aka buga ta ne kawai. Ba za ta gaya maka an jinginar da gidan bayan shekara biyar ba, ko an sayar, ko gwamnati ta soke haƙƙin don a fitar da hanya. Kuma injinan bugu na yau suna fitar da ta bogi da ko tsohon ma'aikaci sai ya natsu kafin ya gane. Kotun Ƙoli ma ta sha faɗa cewa C of O shaida ce ta farko-farko, tana faɗuwa idan wani ya zo da hujjar mallaka da ta riga ta. Abin dogaro shi ne a ɗauki wannan takarda a gwada ta da fayil ɗin da ke ofis, sannan a gwada su duka biyun da ƙasar kanta.

5. Ina wannan fayil yake, kuma me ke cikinsa?

A Gombe, harkar rajistar filaye da bincikenta tana hannun hukumar GOGIS, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya don a mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta. Takwararta a Bauchi ita ce BAGIS. Kowane fili mai takardar gwamnati yana da lambar fayil, kuma a cikinsa ake tara tarihinsa: wanda aka fara bai wa, taswirar safiyo, rasit na harajin ƙasa, kowace miƙa mallaka da aka yi wa rajista, kowace jingina, da takardar sakinta in an biya.

Mutanen Gombe su lura da wani abu. Sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Jihar Gombe daga Bauchi, ita kuma Bauchi a 1976 aka cire ta daga Jihar Arewa maso Gabas. Saboda haka tsohon gida a Tudun Wada ko Jekadafari ko Bolari yana iya zama da takarda mai sunan Jihar Bauchi, kuma wannan ba aibi ba ne. Aibin yana ga akasin haka. Takardar da ta ce gwamnatin Jihar Gombe ce ta ba da ita a 1990, ba sai an je ofis ba, ta tona kanta.

6. Yaya ake yin binciken?

Ka nemi mai sayarwa ya ba ka fotokwafin takardar gaba da baya, da na taswira. Ka ɗauki lauyanka, wanda kai ne za ka biya shi, ba na mai sayarwa ba, ba wanda dillali ya kawo ba. Dillali la'adarsa tana rataye da faɗuwar ciniki, ko mutumin kirki ne bai dace ya zama idonka ba. Lauya zai rubuta takardar neman bincike, a biya kuɗin a asusun gwamnati a karɓi rasit, a fito da rahoto a rubuce mai kwanan wata da sa hannu.

Kada ka yarda da binciken baka. Sau da yawa za a ce maka akwai wani ɗan'uwa a ofis, an buga masa waya ya duba, ya ce babu komai. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ko da mutumin gaskiya ya faɗa, maganar waya ba ta zuwa kotu. Idan kuma an ɗauki makonni tsakanin bincike da biyan kuɗi, a sake leƙa fayil ɗin kafin a biya cikon. A cikin wannan ɗan tsakanin ana iya shigar da sabuwar jingina.

7. Rahoto ya fito. Me zan duba a ciki?

Fara da suna. Sunan ƙarshe da ke cikin fayil shi ne mai gida a idon gwamnati, kuma dole ya zama shi ne mutumin da ke gabanka, da katin ɗan ƙasa a hannunsa. Sunayenmu suna yawan kama da juna, unguwa ɗaya tana iya ɗaukar mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, shi ya sa ake haɗawa da hoto da sa hannun da ke cikin tsofaffin takardun fayil. Idan sunan wani ne daban, sai mai sayarwa ya nuna yadda gidan ya taso daga wancan ya iso gare shi, hannu bayan hannu, ba tsallake. Duk inda igiyar ta tsinke, a nan za ka tsaya.

Sai sashen nauyin da ke kan gidan. Idan an rubuta jingina, za ka ga sunan bankin da ranar rajista. Nemi takardar sakinta a bayanta. In babu, gidan yana jingine har yau, ko me mai shi ya faɗa (tambaya ta 11). Ka lura kuma da takardar gargaɗi da wani ya maƙala, ko umarnin kotu, ko sanarwar soke haƙƙi. Fayil ɗin da ya yi shekara ashirin shiru, sannan cikin wata biyu aka ba da rahoton ɓatan takarda, aka fitar da sabon kwafi, aka sauya suna, shi ma abin tsayawa ne. Ruwa ba ya tsami banza.

Daga nan sai a sauka ƙasa, wanda shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa don ƙyashin kuɗin safiyo. Ka ɗauki safiyo mai lasisi ya je da taswirar, ya nemo turakun simintin da ke kusurwoyi, ya gwada lambobinsu da na takarda, ya auna faɗi da tsawo. A sabbin unguwanni irin su Tumfure da gefen hanyar Dukku, inda filaye suke jere kamar an tsaga su da wuƙa, nuna maka fuloti na kusa a maimakon naka abu ne mai sauƙi. Kafin ka bar wurin ka gaisa da maƙwabta da masu haya, ka tambaye su wa suke biya, ka tambaya ko sun taɓa ganin mutanen banki sun zo ɗaukar hoto ko awo. Abin da maƙwabci zai gaya maka a tsaye, wani lokaci fayil bai sani ba.

8. Bincike ya fito tsaf. Akwai jinginar da ba ta bayyana a rajista?

Akwai, kuma ita ce ta fi haɗari. Jingina cikakkiya tana bi ta amincewar gwamna, da harajin hatimi, da rajista, don haka tana barin sawu. Amma mutum yana iya kai asalin takardarsa ya ajiye wurin banki ko wani mai ba da bashi, a rubuta 'yar yarjejeniya, a ba shi kuɗi. Doka tana ganin wannan a matsayin jingina, alhali babu abin da ya shiga fayil.

Maganinta ɗaya ne: asalin takarda. Ka gan ta da idonka kafin ciniki, ka karɓe ta hannu da hannu ranar biya. Wanda ya sayi gida bai tambayi asalin takarda ba, kotu tana iya ɗaukarsa tamkar ya san da jinginar, tunda da ya tambaya da ya gano. Idan aka ce maka ta ɓace, ko gobara ta cinye, ko tana Kaduna wurin wani yaya, to cinikin biri a sama ake so ka yi. Takarda tana ɓacewa da gaske, ba a musu, amma mai gaskiya zai nuna rahoton 'yan sanda, da takardar rantsuwa ta kotu, da cigiyar da ya buga a jarida, kuma ba zai ƙi a jira ba.

Idan gidan na kamfani ne, a ƙara bincike a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, domin doka ta wajabta wa kamfani ya yi rajistar jinginar kadararsa a can cikin kwana 90. A leƙa rajistar Babbar Kotun Jiha kuma, ko akwai shari'a a kan gidan.

9. Mece ce amincewar gwamna, kuma me ya sa ake ta nanata ta?

Sashe na 22 na dokar 1978 ya hana mai haƙƙin da gwamna ya bayar ya sayar ko ya jinginar ba da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba ɓatacce ne. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar banki sukutum saboda rashin wannan amincewa. In banki mai tarin lauyoyi ya yi asara a kan wannan, ina ga ɗan kasuwar da ya tara kuɗinsa shekara goma?

Mutane da yawa suna gudun kuɗin rajista, sai su tsaya a takardar wakilci, su ce ta wadatar. Takardar wakilci izini ce ta yin abu a madadin wani, ba ta mayar da kai mai gida. Muddin sunan tsohon mai gida ne a fayil, yana iya zuwa ya ce takardarsa ta ɓace, ya karɓi kwafi, ya ci bashi a kan gidan da kake ciki. A ganina kuɗin rajista wani ɓangare ne na kuɗin gida. Wanda ba zai iya biyansa ba, gara ya nemi gidan da bai kai wannan tsada ba.

10. Mahaifinmu ya rasu, takardun gida suna hannun babban wanmu. Yana iya jinginar da shi?

Ba shi da wannan iko shi kaɗai. Riƙon takarda ba mallaka ba ne, kuma kafin a raba gado kowane magaji yana da rabonsa a ciki, har da mata da ƙananan yara, waɗanda su aka fi zalunta a irin wannan. Abin da ake yi a ɓoye shi ne a kwaikwayi sa hannun mamaci, ko a kawo wani dattijo a ce shi ne. Ranar da ke kan takardar jingina in ta zo bayan ranar rasuwa, magana ta ƙare.

Ku rubuta wa ofishin filaye ku sanar da rasuwar, ku haɗa da takardar shaidarta, ku nemi a saka a fayil. Ku gaggauta kai rabon gado kotu, ku karɓi takardar hukunci, a sauya suna. Wannan ba rashin kunya ba ne ga Yaya, kariya ce gare shi shi ma. Mai sayen gidan gado kuwa ya nemi wannan takarda ta kotu, ya je kotun da kansa ya tabbatar daga can ta fito.

11. Mai gidan ya amsa cewa ya taɓa jinginar da shi, amma ya ce ya biya. Ko in saya?

Ya kawo wasiƙar banki mai cewa ba a bin sa komai, da takardar sakin jingina, a yi mata rajista ta shiga fayil. Kai kuma ka je reshen bankin ka tabbatar da wasiƙar, kada ka kira lambar wayar da ke jikinta. In da sauran bashi, ana iya ciniki duk da haka: banki ya rubuta adadin da ya rage, ka biya wannan kai tsaye ga banki, a saki takarda a hannun lauyanka, sannan mai gida ya karɓi ragowar. Kada ka ba shi kuɗin a kan zai je ya fanso.

12. Filin da zan saya takardar mai unguwa kawai gare shi. Ina zan bincika?

A nan ƙafa ce za ta yi aiki. Ka je wurin mai unguwa da dagaci, ka nemo shaidun cinikin baya, ka ga wanda ya sayar wa mai sayar maka in yana raye. Duk da haka ka sa safiyo ya ɗauki ma'aunin wurin a kai GOGIS, domin a duba ko ya faɗa cikin filayen da gwamnati ta tsara, ko an riga an ba wani takarda a kansa. Gari yana ta faɗaɗa zuwa cikin Akko da Kwami da Yamaltu Deba, gonar jiya ta zama unguwa, kuma ba a rasa filin da yake da takardar gargajiya a hannu ɗaya, ta gwamnati a wani hannun. Da ka saya, ka fara neman takardarka.

13. Abokina yana so in ara masa takardar gidana ya karɓi bashi. Ya ce sa hannu ne kawai.

Wannan sa hannun yana nufin in bai biya ba gidanka za a sayar, ko da ko sisi ba ka ci ba. Ba damfara ba ce a kan kanta, doka ta yarda mutum ya tsaya wa wani da kadararsa. Tana zama damfara idan an ce maka bashin miliyan biyu ne aka rubuta ashirin, ko aka sa ka sa hannu a takardar da ba a cike ba. Wasu takardun ma suna cewa gidan ya tsaya wa duk bashin da mutumin zai ci nan gaba. In har za ka yi, lauyanka ya karanta maka kowane shafi, a rubuta iyakar adadi, ka riƙe kwafi, kuma iyalinka su sani, tunda su ma a ƙarƙashin rufin suke kwana.

14. Na gano an jinginar da gidana ba da sanina ba, ko na sayi wanda ke jingine. Me zan yi yanzu?

Kada ka fara da zuwa gidan wanda ya cuce ka. Fara da tattara takardu: rasit, shaidar tura kuɗi ta banki, saƙonnin waya, da kwafin duk abin da ke fayil wanda ofis ya buga wa hatimin tabbatarwa. Lauyanka ya rubuta wa ofishin filaye a maƙala gargaɗi don a tsayar da duk wani motsi a kan gidan, ya rubuta wa bankin a karɓa a sa hannu. In an sa ranar gwanjo, ya garzaya Babbar Kotun Jiha neman umarnin dakatarwa, domin ita ce ke da hurumi a kan filin da gwamna ya ba da haƙƙinsa. Bayan an buga gwanjo wani ya saya, dawo da gida yana da wuya ƙwarai.

Ɓangaren laifi daban yake. Ana kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Gombe, kuma dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara. In kana ganin da sakacin banki, ka fara kai kuka gare shi a rubuce, in bai warware ba ka wuce sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya. Wanda aka kwaikwayi sa hannunsa yana da ƙarfi a kotu, domin takardar jabu ba ta ba kowa haƙƙi. Wanda ya sayi gida mai jingina mai rajista kuwa matsayinsa ya fi rauni, tunda abin yana rubuce a inda ya kamata ya duba, kuma sau da yawa abin da ya rage masa shi ne bin mai sayarwa ya dawo da kuɗi. Dangi za su zo neman sulhu, kuma sulhu alheri ne, amma a rubuta shi a gaban lauya, da adadi da ranakun biya, kuma kada a janye gargaɗin da ke fayil sai kuɗin ƙarshe ya shigo.